Aku a Gonar Kaka Eduviges

Tun da aka sare dajin bayan ƙauye aka dasa kwakwar manja, aku suka koma cin masarar mutane. Bana ko rabin gonar Kaka Eduviges ba su bari ba. Tana bakin murhu tana gasa wainar masara jikanta Macario ya dawo daga kasuwar Sayaxché, inda ta aike shi sayen iri.

"...lafiya lau, amarya. Har yanzu kina nan? Na ɗauka kishiyoyinki masu fiffike sun kore ki daga gidan."

"Mijin banza. Ina irin?"

"Ga shi. Ga kuma danƙon harbi, kyautar ango."

"Wa zai harba? Kai da ka jefi kare ka sami limamin coci?"

"Ke za ki harba. In kin kuskure ma, ganin bakin nan naki marar haƙori ya isa ya kora su har Mexico."

"Haƙorana sun ƙare ne wajen tauna maka abinci, mai kan ƙwarya. Kwashe abinka."

"Ɓarayi ne fa. Jiya na ga ɗaya ya riƙe zangarniya da ƙafa yana kallona kamar shi ya yi noman."

"Laifi tudu ne. Kai da ke cin tukunyata kullum, wace kunya ka taɓa nomewa?"

Ta juya wainar da yatsa.

"Lokacin da aka kawo ni gidan nan, aku ba ya sauka gona. 'Ya'yan itacen ramón yake ci can sama, sai dai ka ji hayaniyarsu da asuba, ka ga ɓawo yana zubowa. Rashin tuwo kan sa a ci wake a kwana."

"To, wa ya ce ku sayar da dajin?"

"Kakanka yana kwance, magani ya gagara. Shi ya ce a'a, ni na ce a sayar. Bai ma kai ƙarshen damina ba."

Macario ya shiga murza robar danƙon.

"A da aku garke ne mai rufe rana," in ji ta. "Yanzu bakwai suka rage, duk tsofaffi. Bana ban ga ɗa ko ɗaya ba, babu kogon da za su yi ƙwai. Su ci. Na cinye musu gida, sa ci mini masara."

"Wato ni zan yi shuka, samarinki su yi girbi."

"Su ko ba komai suna gaishe ni kafin su ci."

Dariya ta ƙwace masa. Ya durƙusa, ya kwance robar danƙon, ya ɗaure mata tsinkakkiyar igiyar takalminta da ita.

"Kin ci, tsohuwa. Gobe zan ƙara kunya biyu ta bakin rafi, nasu ne. Miƙo wainar nan kafin su ji ƙamshi."