Adireshin Sarkin Rowa

"...Lafiya ƙalau, Sarkin Rowa. Ya hanya? Yau kuma wa ka yi wa sata ka sa kati?"

Injiniya ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, hannuwanta na kan kwamfuta. Ranar hutu ce, babu kowa a benen kamfanin sai ita da ƙugin na'urori, sai mai gadi can ƙasa a bakin get. Aikinta ke nan: masu kamfani su kira ta, su sa hannu sun yarda, ta zauna tana taɓa ƙofofin layin intanet ɗinsu ɗaya bayan ɗaya, ta gano wadda aka bari a buɗe kafin ɓarawo ya riga ta. Aiki ne mai son shiru, ita kuwa shirun ya kai mata ko'ina. Tun da Inna ta rasu bara, ba wanda ya ƙara kiranta ranar hutu. A garin nan ba ta da kowa, in ta tashi ɗaki take komawa ta dafa na mutum ɗaya ta ci a tsaye.

Mai kiran kuwa taubashinta ne, ɗan Kawu, direban babbar mota, mutumin da tun da aka ƙirƙiro waya bai taɓa wuce filashin ba.

"Baiwata, haka ake gaida ubangida? Durƙusa tukuna."

"In durƙusa wa mai kashe mota a gangare don kar mai ya ƙone? Allah Ya kiyaye."

"Tattali ke nan, yarinya. Ke da kika tsufa kina hira da wayoyi ina za ki sani?"

"Na ji. Ina rediyon Inna?"

Abin da ta roƙa ke nan cikin kayan mahaifiyarta, shi kaɗai: tsohon rediyo mai eriya ɗaure da roba. Shi ya ce a bar masa zai kai mata, ga shi har shekara ta zagayo.

"Rediyon Goggo? Ai na sayar."

"Wane mahaukaci ne ya saya?"

"Wani mai tara kayan tarihi. Har ya tambaya ko akwai wani tsohon abu a dangi, na ba shi lambarki."

"Ka dai ji kunya. Yaushe za ka shigo garin?"

"Ni da nake bakin iyaka? Nan fa ko rana sai ta nuna takarda kafin ta fito. Ki sa rai baɗi ko baɗin baɗaɗa."

Ta yi dariya don kar ya gane, amma ba ta ji daɗi ba. Ta san zancen sayarwa ƙarya ce, nisan ne ta yarda da shi. Ashe a ranta ta fi son ganin mai kawo rediyon a kan rediyon, ko da kuwa wannan marowacin ne.

Sai kuma ta kasa kunne. Babu ƙarar inji, babu hon, babu hayaniyar 'yan lodi. Kiran ta intanet ne, muryar tana fita tas, kuma mutumin da ke ƙirga numfashi in yana waya yau ya miƙe ƙafa yana zuba. Sarkin Rowa ba ya haka sai a kan intanet na banza.

"Af, na manta," ta ce. "Na samo maka wadda ta yarda za ta aure ka. Bari in turo maka linkin hotonta."

"Da gaske? Turo, turo!"

Hoton yana ajiye a kwamfutarta ta gwaji. Ko ƙiftawa ba ta yi ba, sabon layi ya fito a fuskar kwamfutar: wata waya ta zo karɓar hoto, ga kuma lambar inda ta fito.

"Ke! Wannan ai akuya ce!"

"Ita kaɗai ta yarda, ita ma sai da aka lallashe ta. Sarkin Rowa, ka ce kana ina?"

"Bakin iyaka mana."

"Bakin iyaka ko bakin get?"

Ya yi salati.

"Maita kika fara?"

"Babu maita. Kai direba ne, in mutum ya ce a kawo masa kaya, me yake fara ba ka?"

"Adireshi."

"To haka wayarka. Duk hoton da ka buɗe a intanet, sai ta je ta ce a ba ta, ta kuma faɗi lambar da za a kai, ita ake ce wa adireshin IP. In datarka ka hau, lambar kamfanin layinka zan gani, iyaka in yi kirdadon gari. Amma wannan lambar na san ta kamar tafin hannuna, tun safe nake kallonta. Layin intanet ne da ginin nan ya ware wa baƙi. Waifai ɗinmu kake sha!"

"Wayar nan munafuka ce. Ni nake cajinta, ke take yi wa aiki. To wa ya ba ki izinin bincikena?"

"Izinin mai layin nake da shi. Kai wa ya ba ka izinin hawa?"

"Mai gadi. Na gaishe shi da kyau, na ce masa ranka ya daɗe, ya karanto min kalmar sirrin. A bango ma take a rubuce."

Injiniya ta dafe kai. Tun safe take ƙwanƙwasa ƙofofi tana samunsu a kulle, ashe babbar kafar tana bangon ɗakin mai gadi.

"Ka ga aikin da ya gagare ni rowarka ta yi min."

"Kar dai ki sa a kori bawan Allah."

"Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa gaya masa. Kalmar za a canza, bangon a goge."

Tana maganar tana neman takalminta a ƙarƙashin tebur. Ba ta jira lif ba, matakala ta bi da gudu kamar yarinya.

Sarkin Rowa yana zaune a kan bencin mai gadi, ya ɗan rame, furfura ta fara leƙowa a gemunsa. A kan cinyarsa akwai wani abu naɗe da tsohon tawul.

"Tun yaushe kake nan?"

"Tun ɗazu."

"Me ya hana ka cewa ka zo?"

Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙasa. "Na rasa yadda zan miƙa miki ba ki yi kuka ba. Ni kuwa ba ni da hankicin asara."

Ya ware tawul ɗin. Ga eriyar, ga robar da Inna ta ɗaura da hannunta. Ya murɗa, muryar mai labarai ta fito da ɗan shuu a bayanta, irin wadda Injiniya take jiyowa ƙasa-ƙasa duk ranar da Inna ta kira.

"Ban taɓa tashar ba," ya ce. "Inda Goggo ta bar ta, nan take. Batir kawai na sa, sabo fil, da kuɗina."

"Kai? Da kuɗinka?" Dariya da kuka suka haɗe mata. Ta ɗan rusuna ta karɓa da hannu biyu. "Na durƙusa, ubangida. Ka ci wannan."

"Mai gadi, ka shaida!" Ya miƙa mata gefen tawul ɗin ta share ido. "Ranar hutu mai zuwa ki ajiye waya kusa. Amma fa kin san ni, filashin ne."

Ta rungume rediyon a ƙirji.

"Ka yi filashin ɗin," ta ce. "Ni zan kira."