Gawar da ta Buɗe Ido

"Ya zafi, tsoho?" in ji Chizuru, tana tuɓe takalmi a bakin ƙofa.

"Zafi lokacinsa ne. Ke dai ce ba ki da lokaci."

Genzo Hamabe bai ko ɗaga kai daga tabarma ba. Shekararsa tamanin da huɗu, arba'in da ɗaya daga ciki ya yi su ne a masana'antar fim ta Kyoto da sana'a guda: jarumi ya zaro takobi, shi ya faɗi matacce. Taƙamarsa ita ce a wani tsohon fim na samurai, mayaƙan Japan na da, ya kwanta minti huɗu a kan tsakuwa mai zafi, ko gashin ido bai motsa ba. Ranar Asabar za a nuna sabon faifan fim ɗin a zauren unguwa, an kuma gayyace shi ya ba da labarin. Shi ya sa ya aiki jikarsa Chizuru ta sayo masa ya fara gani.

"Ga saƙonka. Na riga ka kallo."

"Ja'ira! Wa ya ce ki ɓare?"

"Ni da na hau jirgin ƙasa biyu kafin in samo shi? Af, ashe gawa tana kallon mutane, Kaka?"

"Wace gawa?"

"Taka mana. Idonka na hagu, ƙuru-ƙuru."

"Ƙarya kike yi! Na mutu sau dubu biyu tun uwarki ba ta yi haƙori ba, ba wanda ya taɓa cewa in sake."

"Mutuwa dubu biyu, ga ka nan kana cinye mana shinkafa. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Kaset ɗina yana nan a kabad. Shekara talatin ina kallo."

"Kaset ɗin da in ka sa, ba a bambance doki da buhun gawayi? Wannan an wanke shi tas, har ƙudan da ke kan hancinka sai a ƙirga masa ƙafafu."

Genzo ya tuna tsofaffin abokan aikinsa uku da suka rage, waɗanda za su zauna a sahun gaba ranar Asabar.

"Mutanen yanzu ba su san kunya ba," ya ce a gajiye. "Abin da duhu ya rufa wa asiri, sai sun haska masa fitila."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In sa?"

"Sa. Gani ya kori ji."

Ta sa. Ƙauye na ci da wuta, dawakai na wucewa, ga Genzo yana saurayi ɗan shekara ashirin da uku rub da ciki, kunci a kan tsakuwa. Chizuru ta tsayar da hoton. Ido a buɗe yake, babu musu.

"To, sarkin matattu, me kake kallo? Kwanon abincin rana?"

Tsohon kaset ɗin yanke gefe da gefen hoto yake yi don ya cika akwatin talabijin. Sabon faifan ya maido da faɗinsa duka. A can gefen dama, inda idon gawar ya nufa, wata budurwa ce a guje da kwando a baya, ɗankwalinta ya zame.

Chizuru ta matso kusa. Ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ba matarka marigayiya Kaka Sumie ba ce?"

"Rana ɗaya tak ta yi aikin. Ko sunanta ban sani ba a lokacin. Sun ce mata ta bi ta bayan dawakai, ita kuwa ba ta taɓa ganin doki a guje ba."

"Sai ka fasa mutuwa."

"Da ido ɗaya kawai na fasa, 'yar nema."

"To ranar Asabar fa? In ce musu zazzaɓi ya kama ka?"

Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Bari, da bakina zan faɗa. Kin ci ni. Je ki firji, akwai kankana, taki ce."

"Rabi ce, na gani. Marowaci!"

"Ci a hankali," in ji shi, yana laluben tabaransa. "Kuma kada ki taɓa maɓallin nan tukuna."