Ranar da Na Ciyar da Akuya Digirin Ladi

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na nuna wa jami'a yadda ake noma ba. Ladi, 'yar ƙanena, tana digiri na biyu a kan masara, ta roƙe ni kunya goma a gonata da ke hanyar Rijau. Ta ce can cikin tsakiyar kara akwai ɗan tsiro da bai kai ƙwayar gero ba, daga shi kowane ganye ke fitowa. Wai ƙwayoyin gado ne ke ba shi umarni, wannan ya kunnu, wancan ya mutu, kamar fitilun gida. (Na yi ta gyaɗa kai, ni da karatuna ya tsaya a aji huɗu na firamare.)

Ta shuka, ta koma makaranta. Da ta zo dubawa, ta ɗaura jan zare a wasu 'yan tsirarun masara masu murɗaɗɗen ganye, gajeru, abin tausayi. Ta ce, "Baba, ka kula mini da waɗannan." Na ce a raina yarinya tana jin nauyin sa ni aiki ne. Shekara hamsin ina rage marasa ƙarfi don masu ƙarfi su sha iska. Washegari na tumbuke su kakaf, na zuba wa akuya.

Ranar Asabar Ladi ta iso da malamarta, da akwatin ƙanƙara da ƙananan wuƙaƙe, za su ciri tsiron nan. Har babbar riga na sa. Na tare su a bakin gona, na ce, "Dokta, duk masu cutar nan na gama da su!" Na zaro zarurrukan daga aljihu, na miƙa mata a matsayin shaida.

Ladi ta zauna daɓas a kan kunya. "Baba, su ne karatun! Masu lafiyar don kwatance kawai aka shuka."

Malamar ta tambaya a hankali, "Suna ina yanzu?" Na nuna akuyar, tana tuƙa.

Damina guda yarinyar ta ƙara saboda ni, abokan karatunta suka gama suka bar ta. Ta yafe, amma har yau ina jin kunyar haɗa ido da ita. Yanzu ko tsumma na gani ɗaure a kara, sai na buga waya na tambaya. Akuyar kuwa, 'yan gida Farfesa suke kiranta.