Ranar da Na Zama Maigadin Gidana

Ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ɗauki kaina aikin gadi a gidan da na gina da gumina a Narayi.

Lokacin da wurin yake fili, harajinsa bai taka kara ya karya ba. Da gini ya tashi, maƙwabta suka ce masu haraji za su zo su sake yanka masa kuɗi gwargwadon girmansa. Ni dattijo ne a cocinmu, ana ganin girmana, amma ni da haraji ba ma ga-maciji.

Ina shara a bakin get, daga ni sai singileti da silifas, sai ga wani mutum da fayil a hammata, da gani mai haraji ne.

"Baba, maigidan na ciki?"

Singiletin ya duba ya yanke hukunci. Ni kuma na ga hanya ta samu.

"Oga ya yi tafiya," na ce. "Gidan ma ba a gama ba, ɗaki biyu ne kawai."

Ya zauna a benci zai ɗan huta. Ya tambaye ni ko oga na riƙe ni da kyau. Na ce marowaci ne na ƙarshe (a nan dai ban yi ƙarya sosai ba). Tausayi ya kama shi, har ya saya mini ruwan leda.

Na manta shaf ranar ce Fasto zai zo addu'ar keɓe gida. Sai ga keke-napep biyu daga Sabon Tasha, shi da matan zumunta cikin anko.

"Dattijo, ka ga aikin Ubangiji," in ji Fasto, ya rungume ni. "Ɗaki shida, kamar yadda ka ba da shaida ran Lahadi."

Mutumin ya buɗe fayil a hankali. Fasto ya ɗauka ɗan'uwana ne, ya jawo shi muka bi ɗaki-ɗaki ana addu'a. Kowane ɗaki sai mutumin ya ce amin, ya rubuta. Kunya ta kama ni. Tawa addu'ar ɗaya ce: kada ya buɗe baki.

Bai tona ni ba. Sai da ya ci shinkafa ya ƙoshi, sannan ya miƙo mini takardar haraji a gaban kowa.

"Baba, idan oga ya dawo ka ba shi."

"Wane oga?" in ji Fasto.

Na ce, "Ai Ubangiji ke da gidan." Mata suka ce amin. Mutumin ma ya ce amin, yana kallona.

Litinin da safe na je na biya. Na kuma koyi cewa in za ka ɓoye wa gwamnati ɗakunanka, kada ka fara ƙirga su a gaban coci.