Rasuwar Mai Kunne, Bambar Gaban Jif ɗin Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai sauka daga wuyana ba, ni Hure, wadda aka fi sani da Goggon Maƙera, a madadin kaina da 'ya'yana da jikokina in ban da mutum ɗaya, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na ƙasar Bagwai da kewaye rasuwar bambar gaban jif ɗin gidanmu, wadda duk ƙauye ke kira Mai Kunne. Ta rasu ranar Talata a wani garejin walda da ke Bacirawa, tana da shekara talatin da ɗaya a bakin aiki. Na so in buɗe takardar nan da salatin da ake buɗe irinta, liman ya ce ƙarfe ba ya cikin masu rai, in ji tsoron Allah. Na ji. Amma bai hana ni faɗin wanda ya kashe ta ba, don sau biyu na tambaye shi.

Yaran da suka saba zama gabana da yamma, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Wannan ta riga ta zo, kuma a kanmu ta sauka.

Marigayiya ba 'yar kanti ba ce. A maƙerar gidan nan aka haife ta, a hannun maigidana Malam, Allah ya jiƙansa. Ya sayo jif ɗin a gwanjo, ta zo mana ba komai a gabanta, kamar tsohuwar da haƙoranta suka zube. Sai ya samo ƙarfen wata tsohuwar garmar tarakta, ya yi kwana shida yana dukansa, ni kuwa ina kai masa kunu ina mita, don ƙarar masaba ta hana goyona barci. A rana ta shida ya aika aka kira maƙwabcinmu Shago, mai shanun huɗa, ya ce ya zo da igiyarsa. A kan kaurin igiyar nan aka lanƙwasa kunnuwa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Daga nan sunanta ya samo asali.

Wanda bai san hanyarmu ba zai ce me ya haɗa mota da igiyar shanu. To, tsakaninmu da titi akwai fadama. Da ruwa ya zauna, babu mai taya huɗu da ke haye ta da ƙarfin kansa. Shekara talatin da ɗaya, duk ranar da jif ta kafe, ba a ma aikawa. Shago yana jin kukan inji ya canja zai ɗora wa shanunsa karkiya. Ya zura igiya a kunnen dama, ya zura a na hagu, ya yi wa shanu magana, sai ka ji marigayiya ta ce ƙiii, ta ce ƙwas, mota ta fito. Su suna zuwa coci, mu muna zuwa masallaci, ba a taɓa jin kanmu ba. Matarsa Buwai ita ke aiko mini da daddawa, ni nake aika mata da man shanu, kuma ban san ranar da aka fara ba balle in ce ga wadda ta riga.

Halin marigayiya kuwa, sai dai a yi shaida. Ba ta da girman kai. An ɗaure akuya a jikinta, an shanya barkono a kanta, kaji sun kwana a ƙarƙashinta, tsofaffi sun zauna a kanta suna jiran a gama lodi. Ta tura motocin da suka ƙi tashi tun daga nan har Dawanau, ba ta taɓa tambayar ta wane ce ba. Sau ɗaya ta taɓa bugun jaki, shi ma jakin ne ya zo da gudu, kuma ya tashi ya tafi abinsa. In ta hau hanya mai gargada tana da wata 'yar waƙa, garau-garau-gau, tun daga tsamiyar makaranta nake jin ta in ɗora tukunya. Mata nawa ta yi wa jagora zuwa asibitin Bagwai da naƙuda a tsakiyar damina, ban ƙirga ba. Cikin waɗanda aka haifa ta dalilinta har da wanda ya kashe ta.

Game da jinya, ina so a rubuta a aje: marigayiya ba ta yi jinya ba. 'Yar tsatsa ce a gefen hagu, irin wadda kowa ke samu in shekaru suka ja, da noti ɗaya da ke kwancewa a ɗaure shi ranar Juma'a. Ciwon a kan jikana Abdulhadi yake. Shi ne aka damƙa wa makulli bana, da ciwon baya ya hana kawunsa tuƙi. Tun daga nan ya kama kallon wasu mutane a waya, can wata ƙasa, suna hawan duwatsu da motoci ba tare da an aike su ba. Ashe a ɓoye ya yi odar kaya. Mako bakwai yana cewa jirgin ruwa ya kusa, ni ina tsammanin wani abokinsa ne zai dawo daga tafiya, har ina yi masa addu'ar sauka lafiya.

Ranar Talatar nan ya ce zai kai mota birni a yi mata juyen mai. Na ba shi ƙosai a leda. Waɗanda suka ga abin sun ce notunan marigayiya sun ƙi kwantuwa, sifana biyu ta karya, sai da aka kawo wutar gas aka yanka ta gida uku. Sun ce da ɓari na ƙarshe ya faɗi ƙasa ta ce gwaram, ba ta ƙara cewa komai ba.

Da la'asar sai ga wata baƙar halitta a ƙofar gida, ɗaure a gaban jif a gurbin marigayiya, da ƙahoni, da fitilu huɗu, da wani inji a tsakiya mai naɗe igiyar ƙarfe. Gaban motar har ya sunkuya don nauyi. Abdulhadi ya leƙo ta taga yana washe baki.

"Matata, fito ki ga zamani."

Na zagaya dama, na zagaya hagu. Na ce, "Ina kunnuwan?"

Ya ce, "An daina yayin shanu, tsohuwa. Wannan ita ke jan kanta."

Ya yi mini bayani har da nuni da hannu, wai in ta kafe sai a zaro igiyar a ɗaura a jikin bishiya, a danna maɓalli, shi ke nan. Na tambaye shi bishiyar wa. Ya yi dariya ya ce bishiya ai bishiya ce. Yaron da ya tashi a ƙauyen nan, inda kowace kuka da kowane gawo ke da mai shi, inda mutum kan sayar da gona ya riƙe itacen da ke cikinta, shi ne ya kalli idona ya ce bishiya bishiya ce.

Ranar Alhamis aka yi lodin wake za a kai Dawanau, bayan ruwan kwana biyu. Suna shiga fadama hancin motar ya nutse kamar an danna shi da hannu. Shago ya ji kukan inji, ya fito da shanunsa yadda ya saba. Abdulhadi ya ɗaga masa hannu ya ce Baba ya koma ya huta, yau zai ga aiki. Ya zaro igiyarsa ya naɗa a jikin ɗorawar da ke bakin fadama. Shago ya ce masa ta Buwai ce, kuma ƙasa ta jiƙa. Ya ce minti biyu ne.

Ɗorawar nan Buwai ta dasa ta da hannunta shekarar da aka haifi jikarta Loveth. Shekara goma sha biyu tana kare ta daga awaki, sai shekara uku da suka wuce ta fara ba ta kalwa. Abdulhadi ya danna maɓalli. Mota ba ta motsa ba. Bishiya ce ta taho, a hankali, da saiwarta da komai, ta kwanta a kan geron Shago.

Shago bai ɗaga murya ba. Ya juya shanunsa ya kora su gida. Ko da ya so taimako ma, babu inda zai zura igiya. Buwai ta zo ta tsaya a kan bishiyarta, ta daɗe, sannan ta tsinki ganye ɗaya ta tafi da shi. Na je gidanta da yamma, aka ce tana ciki, ba ta fito ba. Na koma washegari, haka. Matar da ta riƙe ni ranar da aka fita da Malam, yau kwana tara ina sallama a ƙofarta jikoki ne ke amsa mini. Wannan shi ne abin da aka kashe mini, jama'a, ba ƙarfe kaɗai ba.

Marigayiya ta rasu ta bar jif ɗin da ta yi wa hidima, wadda har yanzu ke fadama, kwaɗi sun tare a ƙarƙashinta. Ta bar ƙanwarta bambar baya, da noti huɗu marayu, da shanu biyu da suka san muryarta, da igiyar Shago da ke rataye ba aiki. Ta bar ni. Wanda ya yi sanadinta ba ya cikin magada, kuma ina shaida wa jama'a cewa auren wasan da ke tsakanina da shi tun yana cikin zanen goyo ya mutu. Kada ya ƙara kirana matarsa. Ina da jikoki maza goma sha ɗaya, zan zaɓi mai hankali.

Gawa kuwa, da kaina na je na karɓo. Ashe tun a ranar ya bar wa 'yan gwangwan ita. Na hau mota har Bacirawa, na shiga filin tarkace da carbina, na gane ta da kunnen dama da ke leƙowa daga ƙarƙashin wata tsohuwar firji. Mai wurin ya ce an riga an ɗora ta a sikeli, tirela ake jira. Na shimfiɗa mayafina a kanta na zauna. Na ba shi tarihinta tun daga garmar tarakta, na ba duk wanda ya shigo, wanda ya zo a makare na sake masa daga farko. Wajen la'asar mutumin ya ce, "Iya, don girman Allah ɗauki abinki." Har ɗan sahu ya tsayar mini.

Ga yadda jana'iza za ta kasance, in Allah ya kai mu Asabar.

Za a yi wanka da hantsi a bakin titi, inda gawar take yanzu. Abdulhadi ne zai yi shi, da yashi da kananzir, har sai na ga fuskata a jiki. Daga nan zai ɗauko ta a ka, ɓari ɗaya-ɗaya, sawu uku, a ƙasa, ta hanyar da ta bi ta ƙofar gidan Shago. Ba a yarda da gammo ba. Na so a bi ta kasuwa, aka ce ba ranarta ba ce.

Ba za a binne ta ba. Za a kai ta maƙerar da aka haife ta, inda Naziru, magajin Malam a sana'a, zai sa ta a wuta ya fitar da dagi ɗaya mai nauyi da fartanya shida. Fartanyar sadaka ce ga matan unguwa. Dagin na Abdulhadi ne. Da shi zai haƙa rami bakwai a inda Buwai ta nuna, in ta ƙi nunawa a inda Shago ya nuna, ya dasa ɗorawa bakwai, ya kewaye kowace da ƙaya. In rani ya shigo zai ba su ruwa da bokiti safe da yamma. Wadda akuya ta ci, ya dasa biyu. Zai ga makulli ranar da na ga ganye a kan ta bakwai ya fi tsayin gwiwata.

Ita kuma baƙar halittar, za a kwance ta a cikin taɓon da take, shi zai shiga ya kwance. Fitilun na akurkin kajina ne. Igiyar ƙarfen za a ɗaure ta a tsakar gida a riƙa shanya. Gangar jikin za a ajiye ta a ƙofar gida, duk wanda ya zo da jaki ya ɗaure.

Za a yi zaman makoki kwana uku a zauren Malam. Ni za a yi wa gaisuwa. Wanda ya ga Abdulhadi a hanya ba sai ya zage shi ba, ya tsaya kawai ya tambaye shi bishiyar wa ce waccan, ya nuna kowace ya ga dama. Za a raba gumba ranar uku, an riga an ƙirga, babu tasa. A liƙa takardar nan a injin niƙa da tashar Bagwai, a kuma kai ɗaya gidan su Aina'u inda yake zuwa zance, a ba mahaifinta hannu da hannu, don mutum ya san irin wanda zai ba ajiya.

Zuwa yau da nake sa hannu, ga inda kowa yake. Wake ya isa Dawanau a bayan jakuna. Jif tana fadama. Naziru ya samo wani ƙarfen, ya ce ba zai lanƙwasa kunne ba sai mai igiya ya zo da kansa. Shago ya ce zai zo ranar da aka rufe rami na bakwai. Abdulhadi yana bakin titi, ya fara wankan tun yau don ya ga yashi ba ya cin tsatsa da sauri. Buwai kuwa, jiya mun haɗu a bakin rijiya, na ce mata ina kwana, ta ce lafiya. Ba ta dube ni ba, amma ta bar mini guganta na ja ruwa.

Mai sanarwa,
Hure Goggon Maƙera, a madadin iyalai, in ban da mutum ɗaya.