Allon Kafaɗar Kawu Sale

Abubuwa da yawa na manta a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Hadiza, 'yar Kawu Sale, a Beli ba. Lokacin watana huɗu kacal da shiga makarantar koyon aikin lafiya a Kano, amma a garinmu Karaye har an fara kirana Likita. Ni kuwa amsawa nake yi, har da gyaran murya.

Na isa Beli da hantsi, kaina a sama, da littafin sassan jiki a hammata (wa yake zuwa biki da littafi, in ba mai neman a tambaye shi ba?). Na tarar da Kawu a zaure yana cije baki. Ya ce tun shekaranjiya da ya ɗaga buhun gyaɗa wani abu ya riƙe shi a ƙarƙashin allon kafaɗa, ko numfashi ya ja da ƙarfi sai ya ji shi. Daɗi ya kama ni. Allah Ya gafarta mini, kawuna yana ciwo ni ina murna, don na samu majinyacina na farko.

Na sa ya cire riga a gaban baƙi. Na ɗora tafina a bayansa, na ce ya ɗaga hannu. Yana ɗagawa sai na ji ƙashin nan ya zame a ƙarƙashin hannuna, ya yi gefe. Ya sauke, ƙashin ya dawo. A lissafina allon manne yake da haƙarƙari, kamar ƙyaure da bango (darasin kafaɗa sai zango na biyu, mu a ƙashin ƙafa muka tsaya).

"Kawu, allon ya ɓalle daga haƙarƙari. In aka yi wasa zai soki huhu. Kano za a kai ka yanzu."

Kafin a ce me, magana ta shiga cikin gida. Mata suka ajiye ludayi suka hau salati. Aka aika a kira mai akori-kura. Kawu kuwa shi ne waliyyin amarya, ga dangin ango sun taso tun daga garin Turawa, har sun fara tambayar ko ɗaga auren za a yi. Ni ina tsakiya ina ba da umarni, kada a taɓa shi, kada ya yi tari.

Ana haka sai ga Baba Audu, maɗorin garin, ya zo ɗaurin aure da sandarsa. Aka gaisa, aka yi masa bayani. Ya laluba bayan Kawu da yatsa biyu, sannan ya juyo ya tambaye ni lafiyar mutanen Kano, a tsanake, kafin ya ce, "Malam Likita, ɗan cire taka rigar."

Na cire (singiletina ma da huji, wannan wata kunyar ce daban). Ya kama hannun Kawu ya ɗora a bayana, ya ce in ɗaga hannu. Na ɗaga. Na ji nawa allon ya zame, sak irin na Kawu.

"Ashsha," in ji Baba Audu. "A gyara mota, majinyatan biyu ne."

Zauren ya ɗauki dariya. Kowa ya kai hannu bayan na kusa da shi yana gwadawa, har liman. Kawu yana dariya yana riƙe da kafaɗa, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Baba Audu bai bar ni haka ba. Ya nuna mini cewa allon ba a ɗaure yake da haƙarƙari ba, tsoka ce shimfiɗe a tsakaninsu, yana zamewa a kanta kamar faifai a bakin ƙwarya. Bayan tsokar sai haƙarƙari, huhu kuma yana can ciki a killace. Mahaucin da ya zo fiɗar ragon biki ya ƙara da cewa shi bai taɓa saran ƙashi wajen cire hannun rago ba, wuƙa kawai yake bi da ita ta cikin nama. Tsokar Kawu ce ta ɗaure. Aka gasa wurin da ruwan zafi, aka murza da man kaɗanya, bayan Azahar ya ba da auren 'yarsa lafiya lau. Ni a bayan rumbu na ji fatiha.

Shekaru na yi ina aikin asibiti bayan nan, kuma daga ranar na ɗauki wata ɗabi'a. Duk abin da na taɓa a jikin mutum ya ba ni mamaki, kafin in buɗe baki sai na faki ido na shafa nawa tukuna.