Igiyar Shanyar Kaka da Sifirin Mota

"Lafiya lau, maigidan. To ina sauran jikin naka? Ƙafafu kawai nake gani."

Kaka ce tsaye a tsakar gida, riƙe da buta. Jikanta Dogo malamin makaranta ne, amma yau ya tashi bakanike. Ya ɗage motarsa da jak, ya cire tayar gaba, zai canza shokozoba. Gobe zai kai ta asibitin ido, ita kuwa ta rantse ba ta ƙara shiga motar da ke cilla ta sama duk ramin da aka faɗa.

Ya zuro kai waje. "Saboda ƙugunki nake wannan wahalar, tsohuwa. Da amarya ce ma da sauƙi."

"Amaryar da za ta aure ka sai an kai ta asibitin idon tare da ni. Tsaya! Turmina ne ka tokare mota da shi?"

"Jak shi kaɗai ba abin yarda ba ne. In ya zame, kin zama bazawara."

"Da na huta. Wannan filayar fa?"

"Da ita zan kwance noti."

"Notin da ya yi tsatsa kamar haƙoranka? Sai ka cinye masa kai tukuna. Ba ka da sifana?"

"Ina da guda. Ta yi masa yawa, kamar takalmin aro."

"Banza ba ta kai zomo kasuwa, Dogo. Wa ya kwance mini igiyar shanya?"

"Sifirin shokozobar, murɗaɗɗen ƙarfen nan, zan ɗaure da ita ya matse, kafin in buɗe saman."

Kaka ta ajiye butar. "Ƙarfen da ke ɗauke da mota za ka ɗaure da igiyar da zanena ma ke tsinka ta? Karambanin akuya, gai da kura! In ya ƙwace, a gidan maƙwabta za mu tsinto hancinka."

"Ashe dai kina so na."

"Hancin nake tausayi, na gidanmu ne."

Dogo ya ɗan ja igiyar da hannu biyu don ya nuna mata ƙarfinta. Ta tsinke, ya zauna daɓas cikin tiren baƙin mai. Kaka ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

"Na sallama," in ji shi, yana dariya shi ma. "Bari in je garejin bakin titi in aro abin matse sifirin."

"Da ƙarfen tokare mota. Ka ba ni turmina."

Ta shige ɗaki. Can sai ga ta tana jan wani ƙunshi a tsohon zane. Ta kwance shi a gabansa: sifanu ne jere, manya da ƙanana, har yanzu da maiƙonsu.

"Na kakanka ne, mijina na gaske. Ungo."

Dogo ya shafa su. "Ashe ya iya gyaran mota?"

"Ina fa! A ƙafa muke dawowa kullum. Amma shi ko ba komai, da kayan aiki yake ɓata ta."